Kwashe sabar kamfani zuwa gajimare: ina ribar take, ina ramin yake?

A kamfanoni da yawa akwai wani ɗan ɗaki da ba a shiga sai da dalili. Ƙofarsa kullum a kulle, na'urar sanyaya ɗaki na aiki dare da rana, ko da kuwa ma'aikata a waje suna fifita da fayil. A ciki akwai akwatin ƙarfe ɗaya ko biyu, 'yan fitilu kore na ƙyaftawa. Ita ce saba, wadda wasu ke ce wa uwar garke: kwamfutar da ke riƙe da lissafin kuɗi, da sunayen abokan ciniki, da waɗanda ake bi bashi, da abin da ya rage a sito. Yawanci mutum ɗaya ne ya san kanta. Ranar da ya tafi ta'aziyya garinsu ita kuma ta ƙi tashi, ranar mai kamfani ke gane cewa rabin dukiyarsa a wannan akwatin take kwance.

A irin wannan rana ce wani zai ce, "Alhaji, me ya sa ba za ku koma gajimare ba?"

Sunan yana ruɗa mutane. Ya samo asali ne daga injiniyoyi, waɗanda idan suna zana taswirar haɗin kwamfutoci sukan zana hoton gajimare a wurin intanet, ma'ana can wani wuri da ba ruwanka da yadda yake. Babu komai a sama. Gine-gine ne manya kamar sito, maƙare da dubban saba, da janareta, da masu gadi, mallakar wani kamfani da ke ba da hayarsu. Amazon ne ya buɗe wannan kasuwa a 2006 da sashensa na AWS. Google ya biyo baya a 2008, Microsoft kuma ya fito da Azure a 2010. Saboda haka ƙaura zuwa gajimare tashi ne daga gidan kanka ka koma gidan haya, kuma duk wanda ya taɓa zaman haya ya san akwai daɗinsa, akwai kuma ranar da mai gida zai turo takarda.

Hayar ma iri-iri ce. Akwai wadda za a ba ka fankon gida: saba ce kawai, kai za ka zuba mata manhaja, ka riƙa sabunta ta, ka kulle ƙofofinta. Akwai gida mai kayan ɗaki, inda su za su kula da rumbun bayanai da tushen aiki, kai kuma ka kawo manhajarka ka ɗora. Sai kuma ɗakin otal, ka shiga da jakarka kawai: manhajar lissafi ko ta imel ko ta albashi da ake biya wata-wata, irin su Microsoft 365 da Google Workspace. A ganina mafi yawan matsakaitan kamfanoninmu, daga masu rarraba magani zuwa makarantun kuɗi, ɗakin otal ɗin nan ya ishe su. Da yawa ana kai su ga hayar fankon gida ne don mai ba da shawarar ya fi samun aiki a can.

Abin da ke jan hankali ba ɓoyayye ba ne. Saba ba ta son zafi, ba ta son ƙura, ba ta son a ɗauke mata wuta ba sallama, mu kuwa ukun nan muna da su har da na kyauta. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta a Najeriya, zuwa naira 225 kan kowane kilowat na awa guda, daga abin da bai kai naira 70 ba. A Oktoban shekarar kuma yawancin jihohin Arewa suka shafe sama da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Wanda ke da saba a ofis a kwanakin nan ya san kuɗin gas. Ga gobara. A Maris na 2016 wuta ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Kaya sun tafi, amma ɗan kasuwa zai gaya maka ƙonewar littafin bashi wani ciwo ne daban, domin kaya ana sake sarowa, wanda ka biyo kuwa sai in yana da tsoron Allah.

Akwai kuma fa'idar da babu yadda sabar ofis za ta ba ka: faɗaɗawa da tsukewa. Makarantar da shafinta ke cika maƙil mako biyu na rajista, sauran shekara kuma shiru, in da saba za ta saya dole ta sayi wadda za ta ɗauki nauyin makonnin nan biyu, ta zauna tana cin wuta a banza wata goma sha ɗaya. A gajimare sai ta ƙara ƙarfi lokacin cunkoso, ta rage bayan an watse. Haka mai sayar da taki a farkon damina. Duk inda aiki ke hawa da sauka, nan haya ta fi saye.

To, sai maganar kuɗi, kuma nan ya kamata a zauna sosai.

Masu talla kan ce ba sai ka zuba jari mai yawa lokaci guda ba, abin da ka yi amfani da shi kawai za ka biya. Gaskiya ne. Abin da ba sa ƙarasawa shi ne mita ce, kuma ba irin mitar kati ba da in kuɗi ya ƙare wuta ta ɗauke. Wannan ci gaba take da juyawa, takarda sai ƙarshen wata. Injiniya zai kunna saba uku don gwaji ranar Alhamis, ya manta bai kashe ba, su yi wata huɗu suna ƙirga. Ana cajin wurin ajiya, ana cajin ƙarfin aiki, ana cajin kwafin ajiya, ana cajin neman taimako. Abin da ya fi ba sabon shiga mamaki shi ne shigar da bayanai kyauta ne, fitar da su kuwa da kuɗi, kowane gigabait da farashinsa. Sai a 2024, bayan matsin lamba daga dokokin Tarayyar Turai, manyan kamfanonin uku suka yafe wannan kuɗin ga wanda zai tattara nasa ya bar su baki ɗaya. Fitar yau da kullum tana nan da kuɗinta.

Mu kuma muna da ƙarin kaya a kai: farashin da dala aka yanka shi. Kafin Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Kamfanin da ke biyan dala 1,000 a wata ya tashi daga naira 460,000 ya koma miliyan ɗaya da rabi, bai ƙara ko fayil ɗaya ba, abokan cinikinsa kuma da naira suke biyansa. Kafin nan ma bankuna sun taƙaita abin da katin naira zai iya biya a waje har zuwa dala 20 a wata, daga baya wasu suka rufe gaba ɗaya, mutane suka koma neman mai asusun dala ya biya musu. A farkon 2025 AWS ya fara karɓar naira. Ya rage wahalar neman dala, amma lissafin har yanzu daga dala ake juyo shi. Ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram ya ɗan fi samun kwanciyar hankali ta wannan fuska, tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, sai dai shi ma motsin dala da yuro na taɓa shi.

Kada a ɗauka talauci ne ke sa mu ƙorafi. Kamfanin 37signals na Amurka, masu manhajar Basecamp, sun bayyana cewa dala miliyan 3.2 suka kashe a gajimare a 2022. A shekara mai bi suka sayi sabobin kansu da abin da bai kai dala miliyan ɗaya ba, suka kwashe kayansu. Dropbox, mai ba da hayar wurin ajiye fayil a intanet, ya riga su: ya janye yawancin ajiyarsa daga AWS zuwa cibiyoyinsa, ya kuma shaida wa masu zuba jari cewa ya rage kusan dala miliyan 75 cikin shekara biyu. Su biyun aikinsu a miƙe yake, sun san nauyin da za su ɗauka gobe da jibi, suna kuma da ƙwararrun da za su riƙe injinan. Wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa, gidan kansa ya fi masa araha. Wanda injiniyansa ɗaya ne tak, shi ma yana neman biza, lissafinsa daban.

Daga kuɗi sai hanya. In bayananka suna ɗakin da ke kusa da ofishin akanta, igiya mai tsawon kamu ashirin ce tsakaninka da su. In suna gajimare, sai an tambaya: wane gari? Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa na Afirka ta Kudu a 2019, AWS ya buɗe a Cape Town a 2020, Google a Johannesburg a 2024. AWS na da ɗan ƙaramin reshe a Legas tun 2023, amma ba duk hidimominsa ke can ba. Kamfanonin Najeriya da yawa a Landan ko Ayalan ko Farankfot kayansu suke. Ke nan duk lokacin da yarinyar kanta ta danna don fitar da rasit a Zariya, saƙon sai ya gangara Legas, ya nutse cikin teku, ya je Turai ya dawo.

Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin ƙarƙashin teku huɗu suka tsinke a gaɓar Kwaddebuwa: WACS, ACE, SAT-3 da MainOne. Intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama na yammacin Afirka, manhajojin wasu bankuna suka tsaya, gyara ya ɗauki makonni. Sabobin can Turai lafiyarsu ƙalau, hanyar zuwa gare su ce ta yanke. Mu a Arewa muna da misalin da ya fi wannan kusa. A Satumban 2021 gwamnati ta sa aka rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, abin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ka ƙaddara mai kantin magani a Gusau wanda lissafin kayansa duk yana gajimare. Makonni zai yi bai san me ya saura a kan kantarsa ba sai ya ƙirga da hannu. Shi ya sa tambayar farko da zan yi wa mai tallar manhaja ita ce: in babu sabis, tana aiki ta ajiye, in ya dawo ta tura? In ya fara kame-kame, an gama magana. Sannan layin intanet biyu daga kamfanoni daban-daban ya zama dole, kuɗinsu kuma cikin kuɗin ƙaura yake. Janareta ma ba a sallame shi ba, tunda kwamfutocin ma'aikata ba da iska suke aiki ba.

Ita kanta ƙaurar fa? Duk wanda ya taɓa tashi daga gidan da ya shekara ashirin a ciki ya san sai ranar kwashe kaya ake ganin tarkacen da aka tara. Haka saba. Za a tarar da manhajar da wani ya rubuta tun 2011, ya bar aiki, ba wanda ya san yadda take, amma ita ce ke fitar da takardar albashi. Za a tarar da na'urar ɗaukar zanen yatsa a bakin ƙofa wadda ba ta jin yaren kowa sai na tsohuwar sabar. Aikin farko shi ne a zauna a rubuta komai: me muke da shi, wa ke amfani da shi, me ya rataya a kan me. Aiki ne mai gundura, shi ya sa ake tsallake shi, kuma daga nan yawancin ɓarna ke farawa.

Bayan an rubuta sai a raba. Wani abin zubarwa ne, ba mai buƙatarsa. Wani a maye gurbinsa da manhajar haya. Wani a bar shi inda yake. Wani a ɗauke shi yadda yake a dire a can, wanda shi ne mafi sauri, kuma sau da yawa mafi tsada daga baya, domin manhajar da aka gina don ta kwana a kunne za ta kwana a kunne a kan mita. Wani kuma sai an rushe an sake gini. Netflix ya fara tasa ƙaurar a 2008, bayan rumbun bayanansa ya lalace har ya yi kwana uku bai iya aika faya-fayai ga masu haya ba. Bai rufe cibiyarsa ta ƙarshe ta harkar kallo ba sai Janairun 2016. Shekara bakwai da ɗoriya, ga kuɗi ga ƙwararru, don sun zaɓi sake ginin maimakon kwasa a dire. In wani ya ce zai kwashe maka kamfani a ƙarshen mako ɗaya, ka tuna da wannan.

Ko kuma ka tuna da bankin TSB na Birtaniya. A Afrilun 2018, cikin ƙarshen mako guda, ya kwashe bayanan abokan hulɗarsa sama da miliyan 5 daga tsarin bankin Lloyds zuwa sabon tsarin da Sabadell na Sifaniya, wanda ya saye shi, ya gina. Da gari ya waye mutane har miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, wasu kuma suka shiga suka ga asusun da ba nasu ba. Rikicin ya ci wa bankin fam miliyan 330, shugabansa Paul Pester ya sauka a Satumban shekarar, a 2022 kuma hukumomi suka ci shi tarar fam miliyan 48.65. Bincike ya nuna ba a gwada tsarin yadda ya kamata ba, an kuma tura kusan kowa lokaci guda. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hanyar da ta fi aminci ba ta da armashi. A fara da abin da in ya lalace ba wanda zai rasa barci, kamar imel ko tsofaffin takardu. A bar sabon tsari da tsoho su yi tafiya tare na ɗan lokaci, ana gwada alƙalumansu har su daidaita. A zaɓi lokacin da kasuwa ta lafa: ba ƙarshen wata ba, ba goman ƙarshe na azumi ba in kana Kantin Kwari. A kuma rubuta tun farko yadda za a koma baya in abu ya ƙi, da wanda ke da ikon cewa a koma. Ko ɗora bayanan ma lissafi ne. Terabait 10 a kan layi mai gudun megabit 20 a daƙiƙa zai ci kwana 46, in har bai yanke ko sau ɗaya ba. Shi ya sa manyan kamfanonin suka ƙirƙiro akwatin ajiya da ake cikawa a aika musu ta mota ko jirgi.

Saura tsaro, inda aka fi yi wa abin mummunar fahimta. Mai kamfani kan ɗauka tunda kayansa na hannun Microsoft ko Amazon, ya sauke nauyi. Yarjejeniyar ba haka ta ce ba. Su nasu katanga ne da mai gadi da wuta da lafiyar injin. Makullin ɗakinka, da wanda ka ba, da tagar da ka bari a buɗe, naka ne. A 2019 aka sace bayanan mutum sama da miliyan 100 daga bankin Capital One na Amurka, waɗanda ke ajiye a AWS. Ba katangar Amazon aka fasa ba, saitin kariyar bankin ne aka yi ba daidai ba, kuma bankin ne ya biya tarar dala miliyan 80. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa sau da yawa kalmar sirri ce guda da ma'aikata shida ke amfani da ita, har da wanda aka kora bara.

Haka kwafin ajiya. Gajimare na ƙonewa. Ranar 10 ga Maris 2021 wuta ta cinye ɗaya daga gine-ginen kamfanin OVHcloud a Strasbourg ta Faransa, miliyoyin shafuka suka ɗauke, wasu kuma suka rasa bayanansu har abada domin kwafin nasu a harabar yake. A Mayun 2024 wani kuskuren saiti a Google Cloud ya goge ma'ajiyar UniSuper, asusun fansho na Ostareliya mai mambobi sama da rabin miliyan. Suna da kwafi a wurare biyu cikin Google, gogewar ta haɗa da duka biyun. Abin da ya cece su shi ne wani kwafin da suka ajiye a hannun wani kamfani daban. Kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba kuwa, ban ƙirga shi cikin kwafi ba.

Ga wani ƙaramin abu da ke zama babba a wurinmu: da sunan wa aka buɗe asusun? Sau da yawa da imel ɗin injiniya ne na kansa, lambar tabbatarwa kuma wayarsa take shiga. Muddin ana ɗasawa ba matsala. Ranar da aka ɓata, kamfani zai wayi gari baƙo a gidansa. Asusun ya zama da imel ɗin kamfani, mutum biyu amintattu su riƙe shi, a kuma kunna tabbatarwa mai hawa biyu. Wannan ba ya cin ko sisi.

Doka ma ta shigo. A Yunin 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Ta ɗora alhakin bayanan mutane a wuyan wanda ya tattara su, ko ina ya kai su ajiya. Ta gindaya sharuɗɗa kafin a fitar da su ƙasar waje, ta kuma ce in aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan a sanar da hukumar cikin awa 72. Asibiti mai riƙe da tarihin marasa lafiya da makaranta mai hotunan yara su ne suka fi kamata su karanta ta. A ɗaya ɓangaren, Amurka na da dokar 2018 da ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanonin ƙasar ko da a wata nahiya suka ajiye su. Wanda wannan ya dame shi, ko wanda ke aiki da bayanan gwamnati da ƙa'idar NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, ta ce a ajiye a cikin gida, yana da zaɓi: cibiyoyin ajiyar bayanai irin su Rack Centre a Legas, da na MainOne, wanda kamfanin Equinix na Amurka ya saya kan dala miliyan 320, shi ma a Legas, da Galaxy Backbone na gwamnatin tarayya mai cibiyoyi a Abuja da Kano. Ba su da tarin hidimomin da manyan ke da su, amma hanyar zuwa gare su ba ta ratsa teku.

Shi kuma mutumin ɗan ɗakin nan, wasu masu kamfani kan ɗauka aikinsa ya ƙare. Canzawa ya yi. Da ƙura yake gogewa yana canza batir, yanzu shi zai riƙa duba mita, ya kashe abin da aka manta a kunne, ya rufe asusun wanda ya bar aiki, ya gwada kwafin ajiya. Kuɗin horar da shi ya shiga kasafi tun farko.

Tsohuwar sabar ma kada a yi gaggawar rabuwa da ita. A bar ta a kashe wata biyu ko uku, har a rufe lissafin wata a sabon tsari ba tare da an waiwaye ta ba. In an tashi sayarwa, a tuna goge fayil ba ya fitar da shi daga faifai, yaron da ya iya aikinsa a titin Beirut na Kano zai dawo da shi kafin la'asar. A sa manhajar da ke bin faifan tana rubutu a kansa daga farko har ƙarshe, ko a cire shi a huda da injin huda ƙarfe a gaban akanta, a sayar da sauran akwatin.